Ciwon da Ba a Rubuta Ba

Ita ta fara ɗaga hannu. Wannan shi ne abin da ya fi ci wa Sista rai daga baya, don ba wanda ya tilasta mata. An tara su a ɗakin taro na asibitin, fanka tana ta ɗaga takardu, aka karanta musu sabuwar ƙa'ida, aka ce ko akwai mai magana. Kafin kowa ya motsa Sista ta miƙa hannu sama, ta ce, "Wallahi an daɗe ba a kawo mana abu mai hankali irin wannan ba."

Kuma har zuciyarta ta faɗa. Ta fi shekara goma tana aikin jinya a sashen gwajin magunguna, ɗakuna uku a bayan asibiti kusa da wurin wanki. Aikinta ta karɓi yara masu ciwon sikila waɗanda iyayensu suka yarda a gwada sabon magani a kansu, ta auna su, ta ɗebi jini, ta shigar da komai a kwamfuta. Ta ga shirme iri-iri a wannan sana'a. Kowane kamfani da nasa ma'aunin. Wannan ya ce in yaro ya yi kuka ciwo ya tashi ke nan, a rubuta, wancan ya ce a'a, sai an kwantar da shi. Har labari ya taɓa zuwa musu na wasu marasa tsoron Allah da suka zauna a ofis suna ƙirƙirar ciwo a takarda, suna ragewa suna ƙarawa, don maganinsu ya fito da kyau. Aka saki maganin, iyaye suka yi ta ɗura wa 'ya'yansu, ashe da shi da ruwan famfo duk ɗaya.

To shi ne kamfanonin magani bakwai, waɗanda a da ko gaisuwa ba ta haɗa su, suka ga idan ba su gyara ba kowa zai daina yarda da su. Suka kafa kwamiti guda, suka yi rumbun bayanai guda, suka ce daga yau ma'auni ɗaya ne ga kowa. Suka turo wata mata mai duba aiki ta yi bayani, doguwa mai magana a hankali, wadda ma'aikatan sashen suka sa wa suna Jan Biro saboda ba ta taɓa takarda ta bar ta fara.

"Ba za a ƙirga tashin ciwo ba," in ji Jan Biro, "sai in an zo asibiti, likita ya gani da idonsa, an yi allurar kashe zafi, an shigar a kwamfuta a ranar. Yaron da zai shiga gwajin nan sai yana da irin wannan guda biyu a cikin shekara. Abin da aka yi a gida, ko an rantse, ba hujja ba ce."

Aka tafa. Sista ta fi kowa tafi.

Sai da ta koma ofis ta buɗe fayil ɗin 'yarta, wadda ita ma sikila gare ta, don ta sa ta a jerin farko, sannan jikinta ya yi sanyi. Fayil ɗin ba komai a ciki. Ranar ƙarshe da aka ga yarinyar a ɗakin gaggawa, tun tana aji uku na firamare.

'Yar tata shekararta sha biyar, kuma tun tana koyon magana ake ce mata Lauya, don ba a faɗa mata abu ta ce to. Ka ce ta sha magani, sai ta tambaye ka wa ya ce, in ka ce likita, ta ce shi ya sha? Siririya ce, idanunta da ɗan rawaya, ga baki kamar a biya ta. A shekarar nan kaɗai ciwon ya kayar da ita ya kai sau biyar, kuma kowanne ya fi na baya mugunta. Ƙugunta na hagu ya fara ba ta ɗingishi. Zangon karatu guda ta yi rabinsa a kwance.

Amma duk a gida aka yi su. Akwai ƙusa a bangon ɗakinta, saman gado, wadda ba hoto aka kafa ta don shi ba. Nan Sista ke rataya ledar ƙarin ruwa. Tana ganin yarinyar ta fara murza gwiwa ta yi shiru, za ta ɗora ruwan zafi, ta ɗauko kwalin kayan aikinta daga saman sif, ta nemi jijiya sau ɗaya ta samu. Ta gasa mata gaɓoɓi da tawul, ta ba ta magani a kan lokaci, ta zauna a bakin gado har abin ya lafa.

Ba girman kai ya sa ta haka ba. Yayan Lauya, ɗanta na fari, a kan bencin ɗakin gaggawa ya cika, yana jiran a nemo katinsa. Tun ranar ta yi wa kanta alkawari cewa muddin hannunta na aiki, wannan ba za ta zauna a bencin nan ba. Ta cika alkawarin tsaf, har maƙwabta na kawo mata nasu yaran. Yau ga shi ƙwarewar tata ta share ciwon 'yarta daga duniya, kamar yarinyar ba ta taɓa cewa wash ba.

Ta sami Dokta, shugaban sashen, yana cin abinci a kan tebur da hannu ɗaya, ɗayan yana kan waya. Mutumin kirki ne, shi ya yanke wa Lauya cibiya. Tun kafin a kawo gwajin ya ce in ya zo da ita za a fara, wata nas ɗin ce za ta riƙa kula da ita don kada a ce uwa ta sa hannu.

"Dokta, ka duba mini wannan," ta ce, ta juya masa fayil ɗin.

Ya duba, ya ajiye cokali. "Innalillahi. Sista, ko ɗaya?"

"Ko ɗaya. Amma ai ka sani. Sau biyu ma kai na kira a waya ka faɗa mini adadin da zan ba ta."

"Na sani mana."

"To ba yadda za a yi a..." Ta kasa ƙarasawa. Ta tsaya tana kallon kwamfutarsa.

Dokta bai taimake ta da ƙarashen maganar ba. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Can ya ce, "In na rubuta cewa na gan ta a ranar da ban gan ta ba, aka gano, ba ni kaɗai za a kora ba. Sashen za a rufe. Yara arba'in ne a bayanmu. Ke kika ce ɗazu a taro..."

"Na san abin da na ce."

Ta ɗauki fayil ɗinta ta fita. Kunya ta ji, irin wadda ba ta taɓa ji ba a bakin aiki, don ta san abin da ta je roƙo shi ne ainihin abin da ta daɗe tana tsine wa wasu a kansa.

Da yamma ta tare Jan Biro a wurin ajiye motoci. Ta zayyana mata komai, har ta ce tana da ledojin ruwan da suka ƙare, tana da maƙwabta da za su ba da shaida, a zo a ga ƙusar ma in ana so. Jan Biro ba ta katse ta ba. Ba muguwa ba ce, kuma hakan ya fi ɓata wa Sista rai, don da muguwa ce da ta samu wanda za ta tsana.

"Na yarda da ke ɗari bisa ɗari," in ji Jan Biro. "Kuma ba ke kaɗai ba ce, na ji irin wannan a wasu wuraren. Zan kai wa kwamiti. Amma ki sani, layi ɗaya ba ya canzawa sai kamfanoni bakwai ɗin nan sun sa hannu, kowanne da lauyoyinsa. Wannan layin da kika gani shekara biyu aka yi ana ja a kansa."

"Yaushe za su zauna?"

"Sun zauna watan jiya. Sai kuma baɗi."

"Gwajin fa?"

"Da an cika adadi za a rufe ɗauka." Ta dafa kafaɗar Sista. "Shawarata, duk lokacin da ya tashi, ki kawo ta. Kar ki taɓa ta a gida."

Bai ɗauki lokaci ba kuwa ya tashi. Wata ranar Asabar da hantsi Lauya ta ajiye littafi ta fara murza gwiwa. Hannun Sista da kansa ya nufi saman sif, ta janye shi. Ta ce wa mijinta ya fito da mota.

Mijin nata mai gyaran firij ne, unguwa duk Injiniya suke ce masa, shi ma ya daina musu gardama. Tsakar gidansu cike take da firij ɗin mutane, wasu na aiki wasu na jiran ikon Allah. Ya fito da sukudireba a hannu yana kallonta.

"Mota kuma? Ina kwalin naki?"

"Asibiti za mu."

"Wane asibitin? Wancan?"

"Baban Lauya, don Allah ka fito da mota."

Suka je. Bencin na nan inda yake, an dai sake masa fenti. Da yake Asabar ce, likita ɗaya ne a kan aiki, kuma an kawo masu hatsari. Sista ta nuna katin aikinta, aka ce ta yi haƙuri. Lauya ta naɗe a jikin ubanta tana cizon gefen mayafi, gumi na tsiyaya, tun tana "Umma bayana, Umma ƙafata" har ta koma nishi kawai. Abin da Sista kan kashe kaifinsa kafin a gama dafa shayi, shi suka zauna suna kallo har rana ta karkata.

"Kina da ruwan nan a gida," in ji Injiniya. "Kina da allurar. Wace irin uwa ce ke yau?"

Da aka zo aka yi allurar, Sista ta bi likitan har teburinsa, ta tsaya a kansa sai da ta ga ya shigar, ta karanta da idonta, ta ce ya gyara lokacin. Likitan ya kalle ta kamar mahaukaciya. Ɗaya cikin biyun da ake nema ya samu.

Daga nan kuma sai Lauya ta warke. Kai, duniya! Yarinyar da ba ta haɗa wata biyu a tsaye, sai ga ta ta yi wata uku garau. Ta yi kumatu. Ta koma makaranta ta addabi malamai, ta dawo gida ta addabi ubanta da cewa firij ɗin da ya ce ya gyara ƙara kawai ya koya masa. Injiniya sai hamdala yake, yana cewa addu'a ce ta karɓu.

Sista ma tana cewa alhamdulillahi, amma a wurin aiki tana ganin gurabe na cikewa. Ba wanda ya san wa ke shan maganin gaske, wa ke shan ƙwayar da ba komai a cikinta, haka tsarin yake, sai bayan wata shida a ba kowa na gasken. Amma ita mai ido ce. Ta ga yaran da a da ake shigo da su a kafaɗa suna shigowa da gudu, ta ga rawayar ido na washewa. Wata uwa ta riƙe mata hannu tana kuka, ta ce ɗanta ya buga ƙwallo. Sista ta taya ta murna, ta shiga banɗaki ta kulle ƙofa ta daɗe ba ta fito ba.

Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne kanta. In Lauya ta sosa gwiwa, sai ta ji gabanta ya faɗi, kuma ba faɗuwar tsoro kaɗai ba ce, akwai sa rai a ciki. Ta kama kanta tana kallon 'yarta a kan tabarma tana dariya, tana cewa a ranta, ko ɗan ƙarami ne, Allah, wanda allura ɗaya za ta kashe. Sai ta yi ta istigfari har bakinta ya bushe. Uwa tana roƙa wa 'yarta ciwo! Ta tsani kanta, ta tsani kamfanonin nan bakwai da lauyoyinsu, ta rasa wanda za ta faɗa wa.

Da damina ta kankama Dokta ya kira ta gefe. "Saura gurbi uku. Ko sun cika ko ba su cika ba, ƙarshen watan nan za a rufe. Ya jikin mutuniyar?"

"Lafiyarta ƙalau," ta ce, kamar mai ba da labarin rasuwa.

A ranar da yamma tana yanka albasa Lauya ta shigo kicin, ta hau kan wani mataccen firij ta zauna tana kaɗa ƙafa.

"Umma, tambaya gare ni."

"Yaushe ba ki da ita?"

"Ran nan me ya sa kika kai ni asibiti, alhali kwalinki na nan? Kar ki ce ruwa ya ƙare, na duba."

Sista ta so ta yi ƙarya, amma ba a yi wa Lauya ƙarya a zauna lafiya. Ta faɗa mata a taƙaice. Akwai magani, akwai ƙa'ida, sai an rubuta biyu.

"Na baya duk da na yi fa?"

"Ba a ƙirga su."

"Har wanda na suma?"

"Har shi."

"To su wa suka ji zafin, ni ko su?"

"Ke dai sauka daga kan kayan mutane."

"Yanzu saura ɗaya ke nan. Zuwa yaushe?"

"Ƙarshen wata. Ke ba ruwanki, Allah ne mai yi. Ɗauko mini tumatir."

Lauya ta ɗauko tumatir, ba ta ƙara cewa komai ba. Da Sista na cikin hayyacinta, wannan shirun kaɗai ya isa ya tayar mata da hankali.

Akwai robar ruwa babba da Lauya ke tafiya da ita makaranta, dokar gidan ce ta shanye ta kafin a tashi, don rashin ruwa a jiki yana tayar da ciwon. Washegari Sista ta ga robar a bakin ƙofa, a cike. Ta ɗaga ta, ta ji nauyinta. Ta buɗe baki za ta ƙwala kira, sai ta rufe. Ta ce a ranta wataƙila ta sake cikawa ne a makaranta. Ta ajiye robar inda ta gan ta. Kashegari ma haka ta gan ta, kuma haka ta wuce. Sista ta san abin da take yi, ba za a ce ba ta sani ba.

Ranar Alhamis aka wayi gari da ruwan sama da iska mai sanyi. Sista ta fita aiki da wuri. Tana cikin ɗibar jinin wani yaro wayarta ta yi ta ruri a aljihu, sai da ta gama ta ɗauka. Injiniya ne, ba ta taɓa jin muryarsa haka ba.

"Ki fito bakin gaggawa, ga mu nan. Yarinyar nan ƙanƙara ta kwasa a firij ɗin mutane ta zuba a bokiti ta yi wanka da ita! A tsakar gida, cikin ruwan nan! Na same ta tana karkarwa, wai in kawo ta nan, kar in kai ta ɗaki."

Sista ta yi gudu a barandar asibiti, takalmi ɗaya ya fice ba ta tsaya ba. Ta tarar da shi ya rungumo Lauya a bargo. Leɓen Lauya ya yi fari, haƙoranta na haɗuwa, amma da ta ga uwarta sai ta yi ƙoƙarin murmushi.

"Ya tashi, Umma. Bayana da ƙafafuna duka."

"Ke mahaukaciya ce? Wa ya aike ki? Wa ya ce ki yi?"

"Ai ba ki hana ni ba," in ji Lauya, ba da faɗa ba, kamar mai tuna mata wani abu da suka shirya tare.

Injiniya ya dubi matarsa. Sannan ya kau da kai.

Wannan karon ba su zauna a benci ba, Dokta da kansa ya sauko. Aka yi allura, aka ɗaura ruwa, aka shigar a kwamfuta. Zuwa azahar zafin ya ɗan lafa, har Lauya ta ce wa nas ɗin da ke kanta ta ɗaure filastar a karkace. Sista ta zauna a gefen gado tana jin wani abu mai kama da sauƙi, tana jin kunyar jin sa.

Da la'asar tari ya fara. Sai zazzaɓi. Sai Lauya ta ce ƙirjinta kamar an ɗora mata firij. Sista ta kalli ɗan abin auna iskar jini da aka maƙala wa Lauya a yatsa, ta ga lambar tana sauka, ta ƙwala wa Dokta kira da muryar da ta sa duk ɗakin ya juyo. Aka sa mata abin shaƙar iska, aka gungura ta hoton ƙirji, aka ɗebi jini. Numfashinta ya koma gajere-gajere, haƙarƙarinta na shiga yana fita.

Dokta ya ja su baranda, ita da Injiniya. Ya ɗaga hoton a hasken taga, huhun dama ya yi fari har rabi.

"Ya shiga ƙirji," ya ce. "Jininta kuma ya faɗi ƙwarai. Sai an ƙara mata jini, yanzu, ba anjima ba."

"To a ƙara mana!" in ji Injiniya. "Me ake jira?"

Dokta ya juya yana kallon Sista. Ita ma ta san dalili. A wannan takardar dai da ta tafa wa, shafi na gaba, akwai wani layin. Duk yaron da aka ƙara wa jini ba ya shiga gwaji sai bayan wata uku, don jinin wani yana rikita awo, ba za a gane aikin maganin ba. Layi ne mai hankali shi ma. Ita da bakinta ta sha yi wa iyaye bayaninsa. Ita Lauya ce kawai ba ta faɗa wa ba, don ba ta tambaya ba.

"Dokta," ta ce, muryarta can ƙasa, "in aka ƙara iskar, aka canza maganin, aka ɗan saurara zuwa..."

"Sista."

"Wani lokacin ai yana dawowa da kansa. Na taɓa gani."

"Sista, ki dube ni. In da 'yar wata ce a gadon nan, me za ki ce wa uwarta?"

Injiniya ya rasa gane me ake ciki. "Saurara me? Me take cewa ne, Dokta? Maman Lauya, jini ne fa kawai!"

Ta jingina da bango. Ta ji abin da ya fito daga bakinta, ta ji shi sarai, ita ce ta tsaya a barandar asibiti tana neman a jinkirta ceton ran 'yarta saboda gurbi. Ta sulale ta tsuguna, ta rufe fuska da hannu biyu. Ba ta yi kuka ba, kukan ma ya ƙi zuwa.

"Kawo takardar ƙarin jinin," ta ce.

Ta ɗora takardar a kan gwiwarta ta sa hannu. Dokta ya karɓa, ya tsaya kamar zai ce wani abu game da wani gwajin da zai zo wata rana, sai ya ga fuskarta ya fasa. Su biyun sun san wannan shi ne zagayen ƙarshe na gwajin maganin. Daga nan sai shekarun jiran izini, sannan ya fito da kuɗin da ba mai gyaran firij ɗin da zai tunkare shi.

Aka kawo ledar jinin da sanyinta. Nas ɗin ta nemi jijiya ta rasa, ta sake nema ta rasa, hannun duk ya kumbura. Sista ta ce, "Ba ni nan." Ta kama hannun 'yarta ta shafa, ta soka sau ɗaya, ta samu. Ta buɗe, ta tsaya tana kallon jan yana gangarowa ta siririyar robar har ya shige.

Zuwa magariba lambar ta fara hawa kaɗan-kaɗan. Injiniya ya fita salla, bai ce mata ta zo su tafi ba. Lauya ta buɗe ido, ta lalubi abin shaƙar iskar ta ɗaga shi daga bakinta.

"Umma."

"Mayar da shi. Kar ki yi magana."

"An rubuta?"

"An rubuta."

"Kin gani da idonki? Kin san su da shirme."

"Na gani."

"Sun cika biyu ke nan." Ta ja numfashi da ƙyar, ta yi ɗan murmushin nan nata na wadda ta ci gardama. "Kin ga da ban yi ba da har yanzu muna zaune. Ranar Litinin sai ki kai sunana, kar wani ya riga mu."

Sista ta mayar mata da abin a fuska, ta gyara igiyar a bayan kunnenta. Ledar jinin ta kusa rabi.

"To," ta ce. "Yi barci."